Ranar Awon Safiyyatu

Safiyyatu maƙwabciyarmu ta Fakku ta yi faɗuwar da har yau ake ba da labarinta. Ta kama ƙarfen gadon awo za ta haye, hannu ya zame, ta zube ƙasa da cikinta wata takwas, zane ya yi nasa wuri. Matan da ke kan benci suka sunkuyar da kai, babu wadda ta yi dariya. Da a gida ne da mun yi wata muna tsokanarta, ita kuma tana ramawa.

Tun tana goye shan inna ya cinye mata ƙafafu. Da hannu take tafiya, sanye da silifa a tafukan, da hannun take soya ƙuli-ƙulin da ake rububi a kasuwar Kebbe. Ba ta da raki. Amma a kwanakin fuskarta ta kumbura, ido yana ganin duhu-duhu. Haka abin ya fara wa ƙanwarta a bara, jijjiga ta ɗauke ta da cikin a jikinta.

Malamar asibitin ba ta tashi daga kujera ba, ta kalli mijin Safiyyatu da ya rako ta.

"Almustapha, ka ga wahalar da ka ja mata? Irinsu ai kumburi ɗabi'arsu ce. Ku koma gida ta huta."

Safiyyatu ta jawo jiki har gaban tebur, ta miƙa damtsenta sama.

"Malama, ni ka ciwo, ni za ki tambaya. Ƙafa ta mutu, ba ni ba. Ɗauko abin awon jini, ko ki faɗa mishi inda aka sai da likkafani."