Ranar da Kulu Ta Ƙi Karɓar Gaisuwa

Shekara tara ke nan da muka kai Kulu makwancinta a Kebbe, kuma har yau ban samu wanda ya iya zagina kamarta ba. Na nema, wallahi. Matata ta gwada, amma ita sai ta kai tsakiyar zagin tausayina ya kama ta, abin ya lalace.

Kulu taubashiyata ce, 'yar ƙanwar babana. Tun muna yara take kirana bawanta, ni kuma ina amsawa don a ba ni ƙuli-ƙuli. Aure ya kai ta Kebbe, inda ta ƙare rayuwarta tana matsar man gyaɗa. Ni kuwa na ƙare a tashar Tambuwal ina kamasho, ina ihun "Sakkwato, saura mutum ɗaya!" alhali direba kaɗai ne a cikin motar. Karatuna bai wuce aji uku ba, na ukun ma yawancinsa a bakin rafi na yi shi. Wanda ya yi tuntuɓe a rubutun nan ya tsallake kawai.

Ba lissafin shekaru ne ya tayar mini da ita bana ba, rediyo ne. Kwanakin baya aka ba da labarin wata kotu a wani birni da ta samu wani ɗalibin jami'a da laifin yi wa ɗaliba fyaɗe, ta ba shi 'yan watanni, wai an duba ƙuruciyarsa da makomar karatunsa. Ƙasa ta ɗauka. Masu bugo waya gidan rediyo har muryarsu na rawa. A majalisarmu ta bakin tasha, mai shayinmu ya ce a ba shi aron yaron na yini ɗaya kawai, zai dawo da shi. Ni ma na yi nawa kumfar bakin, don ba a barina a baya a duk aikin da babu ɗaukar kaya a ciki.

Sai da na koma gida na ga inda fushin ya sauka. Ɗana Aminu ya ce 'yarsa Zainabu ba za ta tafi ba. Yarinyar ta samu gurbin koyon aikin jinya a birni, tun kafin damina take ɗinke-ɗinke tana shiri. Ya ce ba zai kai 'yarsa inda za a keta mata haddi a shafa wa mai laifin kai ba. Kuma ba shi kaɗai ba, na ji wasu iyayen suna faɗin haka a masallaci. An yi wa alƙali fushi, an yi wa yaro fushi, amma a gidanmu wadda hukuncin ya hau kanta Zainabu ce.

Kulu ta ga irin wannan tun ba a fara faɗarsa a rediyo ba. 'Yarta, wadda ba zan kama sunanta ba ko da yake ta yarda in ba da labarin, tana kwaleji a birni wani ɗan ajinsu ya yi mata haka. Aka aiko manya a rufe maganar, Kulu ta ƙi. Aka je kotu, laifi ya tabbata, aka ce ɗaurin 'yan watanni ko tara. Danginsa suka biya tarar kafin mu kai bakin titi.

Na raka su Kebbe. Washegari mata suka fara shigowa, kowa da mayafi har goshi, suna zama a tabarma suna magana ƙasa-ƙasa. Sai haƙuri, Kulu. Ƙaddara ce, Kulu. Wata har da cewa, "Allah sarki, yarinya ce mai hankali a da." Ina zaure ina ji. Sai Kulu ta ɗaga murya ta kira ni.

"Manu! Leƙa mini ɗaki ka gano, wa yam mutu? Don ni ba a gaya mini ba."

Na ce, "Ni dai da raina, uwar ɗakina, sai dai yunwa."

"Kai ko ka mutu ba a ɓata maka tabarma."

Sannan ta juya ga matan. "Ɗiyata na nan ciki tana shan fura. Cutar ta anka yi, fyaɗe ne, ku faɗe shi da sunanshi ku bar ce mini ƙaddara. Wadda taz zo duba ta, bismillah, ga ɗaki nan. Wadda taz zo ta'aziyya kuwa, gidan da anka yi rashi na birni. Sun haifi ɗa, sun rene shi, ya tashi ba mutum ba. Ku tai can."

Wasu suka yi zuciya suka fita, an daɗe ana cewa Kulu ba ta da kunya. Amma wata tsohuwa, matar wani makiyayi da ke kawo mata nono, ta miƙe da ƙyar ta shiga ɗakin. Wasu suka bi ta.

Kada a ɗauka Kulu dutse ce. Da la'asar na same ta bayan rumbu ta toshe baki da gefen zane tana kuka, don kada yarinyar ta ji. Da ta gan ni ta ce hayaƙi ne. Babu wuta ko kusa a wurin. Na ce lallai hayaƙin Kebbe da ƙarfi yake, na zauna kusa da ita, ni ma ya shiga mini ido.

Ba ta matsa wa yarinyar ba. Damina ta wuce, aka yi girbi, tana ɗaki, uwar na kwana kusa da ita. Ranar da ta ce da bakinta za ta koma makaranta, sai ga su a tasha a kan mashin, sun sha jijjigar hanyar Kebbe. Yarinyar ta nufi lungun kujerar baya tana jan mayafi a fuska. Kulu ta riƙo hannunta.

"Bawa, gidan gaba."

Na ce an riga an ba wani Alhaji.

"Sauke shi."

Na je na raɗa wa Alhaji cewa ƙofar nan ta gaba takan buɗe da kanta in an shiga kwana. Ya koma baya yana sa mini albarka. Haka suka fita tashar Tambuwal, uwa da 'ya a gaba, kowa yana gani. Yarinyar ta gama karatunta, yau malama ce, tana da 'ya'yanta. Ban ce ta manta ba, har yanzu akwai unguwar da ba ta bi a birnin nan. Ban kuma ce an yi adalci ba. Shi wanda ya cuce ta ɗin ina jin labarinsa, yana nan yana yawonsa.

Nakan zauna in ce, da Kulu na raye ta ji abin da ake yi yau, me za ta ce? Ina jin za ta ji sanyi ta wani gefen. Kalmar da ta faɗa a tsakar gida aka ce ba ta da kunya, yau ga ta ana faɗa a rediyo, maza ma na faɗa, malamai ma na faɗa a kan mumbari. A zamaninta ita kaɗai ta yi fushi, yau gari ke yi. Amma da ta ji zancen makomar yaro, na san sai ta ajiye muciya ta tambaya ko ita yarinyar ba a haife ta da makoma ba. Sannan ta biyo mu majalisa ta tambaye mu wane irin fushi ne wannan da ke tashi a kan mai laifi ya sauka a ƙofar ɗakin 'ya'yanmu mata.

Ni dai ban san doka ba, kuma ban ga laifin Aminu ba. Hukunci mai sauƙi ba da mai laifi kaɗai yake magana ba. Yana gaya wa kowane uba cewa in abin ya zo kanka, kai kaɗai ne. Uban da ya ji haka dole ya ja 'yarsa jikinsa. Tsoro ne, kuma tsoron gaskiya.

Na samu Aminu a ƙofar gida yana gyaran mashin, na fara ba shi labarin nan. Ya san shi, amma ya bar ni na kai ƙarshe, don yaro ne mai ladabi.

Ya ce, "Baba, Inna Kulu ta rasu. In wani abu ya samu Zainabu, wa zai yi irin tsayuwarta?"

Na ce, "Ni."

Ya yi dariya har ya saki sifana. "Kai da ka tsere daga asibiti saboda allura?"

"An yi haka. Amma allura jikina ta nufa. Wannan kuwa jikata ce."

Ashe Zainabu na zaure tana jin mu. Ta leƙo ta ce, "Tsoho, kai dai zauna kada ka karye mana. Ni ba faɗa nika so a yi mini ba. Abin da nika so, in na zo na faɗi magana, a yarda da ni."

Aminu ya ɗauki sifanar yana juya ta a hannu. Can sai ya ƙwala wa uwar Zainabu kira, ya tambaye ta ko katifar nan ta ɗakin baƙi za ta naɗu ta shiga bayan mota.

Kulu ba ta bar gadon gida ba, ba ta bar na gona ba. Ba ta canja hukuncin kotu ko ɗaya ba, na da ko na yanzu. In aka auna ta da mudun duniya, mai man gyaɗa ce ta rasu a Kebbe. Amma a danginmu yau, yarinya na iya tsayawa gaban ubanta ta nemi a yarda da maganarta, ba ta sunkuyar da kai ba, ubanta kuma ya ji. Wannan ba haka muka taso muka tarar ba. Wata ce ta saya mana shi da mutuncinta a bakin mutane. Allah Ya sanyaya makwancinta, Ya yafe mata, Ya sa in mun tarar da ita ta gane mu.

Zainabu za ta tafi bayan Sallah. Ina jin tsoro, ubanta ma yana ji. Za ta tafi.