Ba Dangi Ba Ne

Yayana ɗan fari ne, saboda haka ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. "Yaron nan" take cewa, ko kuma "wancan na wajenku". A shekarun da kuɗin man fetur suka fara zuba, gwamnati na kwasar samari tana kai su karatu ƙasashen waje, shi ma ya samu Amurka. Ranar tafiyarsa ya durƙusa a tsakar gida yana yi mata sallama, ta ce Allah ya kiyaye hanya, ba ta ko ɗago kai ba. Ni kaɗai na lura garin da take tankaɗewa ta riga ta tankaɗe shi tun da safe.

A akwati ya dawo. Ciwon ƙoda, in ji takardar asibiti. Baba da Kawu, ƙanen Inna mai harkar shanu a kara, su suka je filin jirgi a Kano suka taho da shi. Maza suka yi masa sutura suka kai shi, mu mata muka tsaya a gida kamar yadda aka saba. Masu zuwa gaisuwa daga Utai da Kausani sun yi ta yabon haƙurin Inna, wai ko ɗigon hawaye ba su gani ba.

Bayan an watse, wata rana muna tsinkar zogale ni da ita, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wa ya laƙƙana masa?"

A wurinmu idan mutum ya zo gargara, wani nasa yakan zauna dab da kansa yana maimaita kalmar shahada a hankali, har mai tafiya ya kama ta, ta zama ita ce ƙarshen maganarsa. Inna ta yi wa mahaifiyarta, ta yi wa maƙwabta ba adadi. Ba wanda ya san ko an yi wa ɗanta. Ta daina cin abinci sosai. Takan tsaya da ludayi a hannu tana kallon bango har miya ta kama.

Wani baƙo daga Amurka ya zo ran Juma'a, ranar kasuwa, ina gida hutu daga kwalejin horon malamai. Motocin shanu da na siminti sun cushe gada, sai da tasin da ta ɗauko shi daga Kano ta daɗe kafin ta shigo Sabon Gari. Baƙi ne kamar mu, dogo, da tulin suma, da manyan akwatuna biyu. Dattawan ƙofar gida suka ɗauka ɗan kudu ne, suka jero masa gaisuwa, yana amsa kowace da "lafiya lau", har da ta haƙurin rashi.

Baba ma'aikaci ne a ofishin ƙaramar hukuma, yana jin Turanci. Suka zauna a zaure su uku da Kawu. Na kai ruwa, na koma bayan ƙyaure na tsaya.

Baƙon ya ce shi da Yaya gida ɗaya suka zauna. Ga littattafan Yaya, ga tufafinsa, ga rediyonsa. Ya ce mai gidan hayar ya tashe shi, tunda da sunan Yaya aka kama gidan, kuma doka ta ce duk abin da mamaci ya bari na danginsa ne, shi ya sa ya kawo da kansa. Baba ya yi godiya, ya sa albarka. Da baƙon ya tsaya nan, da an yanka masa kaza.

Bai tsaya ba. Ya ce shi ba aboki ba ne kawai. Ya ce sun taɓa zuwa ofishin da ake ɗaura aure a birninsu su biyu, magatakarda ya dube su ya ce babu gurbin irinsu a dokar ƙasa. Ya ce an taɓa yin wata doka a birnin mai hana a kori irinsu daga aiki ko daga gidan haya, sai 'yan siyasa da masu wa'azi suka tashi a kanta, aka kira ƙuri'a, aka soke ta. Yaya ba shi da ƙuri'a a can, amma ya yi ta yawon liƙa takardu a bango cikin sanyi, da kumburarrun ƙafafunsa.

Ni da na san Amurka a littafi, ƙasar dusar ƙanƙara da manyan ɗakunan karatu, ban taɓa zaton mutane na shiga layi su jefa ƙuri'a a kan irin wannan ba. Kuma ban taɓa zaton Yayana, mai rakiyata bakin kogi kallon masunta, yana da wata rayuwa da ba mu da labarinta ba. Na ji kamar an ɗaga tabarmar ɗakinmu an ga rijiya a ƙarƙashi.



"Alhaji, me dogon nan yake ta zuba ne?" in ji Kawu. "Ko kuɗin mota yake so a biya shi?"

"Cewa yake hanya ba kyau," in ji Baba.

"Duk wannan surutun a kan hanya? To ai bai ga ta Kausani ba da damina."

Baba ya juya ga baƙon ya yi masa magana da Turanci, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce ya gode da kaya. Ya ce kafin la'asar ya bar garin, kuma abin da ya faɗa a zauren nan kada ya sake faɗarsa ga kowa a Wudil, don akwai 'yan mata a gidan da ba su yi aure ba, akwai kuma mamaci da ake yi wa addu'a. Baƙon ya roƙa a nuna masa kabarin. Baba ya ce a'a.

Da ya shigo ciki ya gan ni a bayan ƙyaure, ya san na ji. Sai ga Inna tsaye a gabansa da mayafinta.

"Malam, an ce wanda suka zauna tare ne."

"Tafiya zai yi yanzu."

"Tambaya ɗaya ce."

"Ki bar shi, babu alheri a bakinsa."

"Ban taɓa roƙonka komai a kan yaron nan ba," in ji ta. "Ko suna ban kira ba."

 Baba ya fita masallaci tare da Kawu, ya bar ƙofar soro a buɗe.

Aka saki asabari tsakaninsu. Inna a ciki, baƙon a waje kan tabarma, ni a gefe ina juya magana. Na tambaye shi wa yake kusa da Yaya lokacin da rai ya yi halinsa.

Ya sunkuyar da kai. Ya ce tun ciwon na sabo Yaya ya koya masa wasu kalmomi na Larabci, ya sa shi ya yi ta maimaitawa har suka zauna, ya ce masa in lokaci ya yi ya faɗa masa su a kunne, kada ya bari ya tafi babu su. Ya yi alkawari. Da jiki ya tsananta aka mai da Yaya ɗakin masu matsanancin ciwo, nas ta tare baƙon a ƙofa ta ce dangi kawai ake bari. Ta tambaye shi shi wane ne nasa. Ya ce aboki, ta ce babu. Ya ce ɗan'uwa, ta ce ina shaida. Ya ce danginsa na bayan teku, ba mai iya zuwa, ta ce ta ji, amma doka ce.

Na juya wa Inna duk wannan. Asabarin bai motsa ba.

"Sai ya yi yaya?" in ji Inna.

Ya ce ya zauna a benci. Da ya ga likitoci na shiga da sauri, ya tashi ya manna bakinsa a jikin ƙofar ya yi ta faɗa, har mai gadi ya zo ya janye shi. Bai sani ba ko Yaya ya ji.

"Ce masa ya faɗa in ji."

Ya faɗa. Harshensa ya yi nauyi a wasu wurare, amma yadda ya ja ƙarshen kalmar, ya sauke ta a hankali kamar mai ajiye tulu, haka Yaya yake yi tun yana yaro. Na ji Inna ta ja numfashi.

"Ƙofar," in ji ta, "ta katako ce ko ta ƙarfe?"

Ta ƙarfe ce, da ɗan gilashi a sama.

"Akwai sarari a ƙasanta?"

Ya yi tunani. Ya nuna mini kaurin ɗan yatsansa ɗaya. Na faɗa mata.

"To," in ji Inna. "Ce masa Allah ya kai shi gida lafiya."

Ya tafi kafin la'asar. Daga ƙofar gida na hango shi a bakin titi yana waige-waige, yana neman gefen da maƙabarta take, ba wanda ya nuna masa. Ya ambaci sunan Yaya sau da yawa a yinin nan, fiye da yadda aka ambace shi a gidanmu tun da aka haife ni.

Na san abin da addininmu ya ce game da zaman da suka yi, ban kuma yi jayayya da shi ba. Hisabi na Allah ne. Har yau idan na murɗa rediyon Yaya nakan ji 'yan siyasar can suna ta ce-ce-ku-ce, wasu na son a ba irinsu takardar da za ta sa su zama dangin juna a gaban doka, wasu na rantsuwa ba za a yi ba. Ni dai abin da nake gani benci ne, da dogon mutum tsaye da bakinsa a jikin ƙarfe. Na taɓa buɗe baki zan faɗa wa Inna sauran abin da na ji a zaure, ta ɗaga hannu. "Ban tambaye ki ba," in ji ta.

A shekarar da aka yi ƙarin albashi Baba ya cire ƙyamaren katako na gidanmu ya sa na ƙarfe. Wata rana da hantsi, gidan ba kowa, Inna ta kira ni. Ta shiga ɗakinta ta kwanta a gado, ta juya fuskarta gabas.

"Ja ƙofar. Ki tsaya a waje, ki sa bakinki a jiki, ki faɗa."

Na ja. Ƙarfen na da ɗumin rana a leɓena. Na faɗa.

"Na ji," in ji ta daga ciki. "Amma asibiti ne, ba za su bar shi ya ɗaga murya ba. Rage."

Na rage.

"Na ji. Ƙara ragewa."

Na ƙara. Na yi ta maimaitawa ina jiran ta amsa, kaji na tono a bayana, ba ta amsa ba.