Dattin Hannun Hashim

Rigimar da Hashim ya sha kaye a cikinta, wadda har yau mutanen lungunmu a unguwar Nuzla ta Jidda ba su bar shi ya manta ba, a kan tukunyar yayarsa Hikima aka yi ta. Ya je gaishe ta, ya tarar gindin tukunyar ya yi baƙi, sai ya naɗe hannun riga ya hau dirza. Ya dirje baƙin, ya dirje abin da ke bayan baƙin, har ya hango titi ta ciki. Ya ce tsufa ne ya cinye ta. Ita kuwa ta ce shekara talatin tsufan nan yana dafa mata shinkafa bai taɓa ɗiga ba, sai yau da limamin tsafta ya kawo ziyara. Haka ya sauke hannun rigarsa ya fita.

Hashim ke nan. A Jidda aka haife shi, kakansa ne ya zo aikin hajji ya manta hanyar gida. Mutum ne da in ka ba shi shayi sai ya ɗaga kofin ya duba a haske kafin ya kurɓa. Allah da ya san halin bawansa ya haɗa shi da aikin shara a wani katafaren mol, wato rukunin kantuna, a arewacin gari, a filin ƙanƙarar da yaran masu hali ke zamiya. Garin da ƙwai ke soyuwa a kan mota, shi yana tafiya aiki da rigar sanyi biyu. Kamfanin ne kafilinsa, iƙamarsa, takardar izinin zamansa, a hannunsu take, kuma shekara ashirin ba a taɓa kai ƙararsa ba.

Sai ga wani Bature ɗan Kanada ya fara koya wa yara wasan hoki, wanda ake kora wani baƙin faifan roba da sanduna. Hashim ya tsani faifan nan, yana kiransa ƙuli-ƙuli. Wata rana faifan ya sulalo gabansa yana tsakiyar aiki da massaha, sandar nan mai roba a baki. Hashim bai tsaya ba. Ya tura shi dama, ya dawo da shi hagu, ya zura shi ta tsakanin ƙafafun Baturen da ya zo karɓa, ya tare shi ta baya, ya kai shi gefe inda shara take zama. Wanda ya yi shekara ashirin yana kora ruwa a kan ƙanƙara, faifai wasan yara ne a wurinsa.

Bature ya dafe kai yana ihu: "Dati! Dati hans!"

Turancin Hashim bai wuce cikin cokali ba, amma datti ai tun a zanen goyo ya san shi. Ya koma gida ya wanke hannu da sabulu, da lemun tsami, da toka. Washegari Bature ya turo masa faifan da gangan, shi kuma ya kawar da shi da saurin da ya fi na jiya, don a shaida ba ƙazami ba ne. Ihun ya ƙaru.

Mai kula da ma'aikata, Bandar, wanda Turancinsa ya ɗara na Hashim da rabin cokali, ya ji Baturen yana nuna mai shararsa yana cewa dati a gaban iyayen yara. Ya aika masa ya zo ofis ranar Lahadi, ga iƙama saura wata guda ta mutu.

'Yarsa Shahad, mai aiki a kantin magani, ita ta raka shi. Aka kira Baturen ofis, ta saurare shi, ta yi dariya har niƙabinta ya jiƙe. Ta bayyana musu cewa a bakin 'yan wasan nan komai a juye yake: wanda ya iya juya faifai shi ne mai dattin hannu, in ya ƙware a ce ƙazami ne, in ya wuce nan a ce ba shi da lafiya. Hannu mai laushi ma, da mu muke zagin raggo da shi, a wurinsu kirari ne. Abin da Baturen ke so kawai shi ne Hashim ya riƙa nuna wa yara yadda ake yi.

Bandar ya sa aka kawo shayi, amma bai sauko ba. Ya ce yabo ko zagi, kalmar dai an faɗe ta a kan mai shara, mutane sun ji, dole ya rubuta gargaɗi a fayil. Shahad ta yi bayani, ya musa, ta sake, ya sake. Hashim ya ɗaga kofinsa ya gama dubawa, sannan ya ajiye.

"Ya ustaz Bandar, shekara ashirin ina tsafta, ko ruwa ba a taɓa ba ni a ofishin nan ba. Kwana biyu na yi datti, ga ni a kujera da shayi. Rubuta gargaɗinka, amma ka faɗa mini wanne zan daina."

Bandar ya dubi biro, ya mayar da shi aljihu, ya ce halas, wato magana ta ƙare.