Tukunyar Kakan Nona

Ni kakar da ta yi mini hira a bakin wuta ina ƙarama ba Bahaushiya ba ce, ba ma Musulma ba ce, kuma labarin da ta ba ni na masu dafa giya ne. Idan na faɗi haka a cikin mata sai a yi ta salati ana dariya. Ni kuwa ba ya ba ni dariya. Haushi yake ba ni, har yau da furfura ta cika mini kai.

Lokacin da arzikin mai ya buɗe a Najeriya, gwamnati na ta tura ma'aikata ƙaro ilimi waje kamar ana rabon goro, aka turo Babana Landan. Ya taho da ni da Umma da ƙanena da ke goye. Muka kama ɗakunan ƙasa a wani gida a unguwar Plumstead. Mai gidan wata tsohuwa ce 'yar Italiya, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse, tana zaune a sama ita kaɗai. Ta ce in riƙa kiranta Nona, wai haka ake ce wa kaka a garinsu.

Da sanyi ya shigo, kafin in dawo daga makaranta gari ya fara duhu. Umma na fama da goyo da girki, Baba bai dawo ba, sai in sulale in hau bene. Nona na da murhun gas a jikin bango da kujera mai hannu wadda duk ta lotse. Ta zaunar da ni a kan darduma, ta gasa mini wata irin gyaɗa mai kaurin ɓawo. Turancinta a karye yake, nawa kuma sabo ne, sai muka haɗu a tsakiya, abin da baki ya kasa hannu ya ƙarasa. Ba ta san ga ta nan ga ta nanku ba. Ita buɗe labarinta shi ne ta bugi hannun kujera ta ce, "Kakana talaka ne, Binta. Talaka na gaske!"

A cikin duwatsun arewacin ƙasarsu aka haifi kakan nata. Idan kaka ta yi, masu gonaki su matse inabi su kwashe ruwan, su bar wa talakawa dusar, wato ɓawo da ƙwallaye. Da wannan dusar ake yin wata giya da ni nake kira girafa, ita dai takan ja sunan ta ce grappa. Kakanta ya sayar da akuyoyinsa ya sayi tukunyar jan ƙarfe, ya ɗora ta a kan amalanke, alfadari na ja, yana bi gona gona. Ya zuba dusar, ya rufe, ya hura wuta kaɗan kaɗan. Tururi ya tashi ya bi wani bututu da aka nannaɗe cikin ruwan sanyi, ya koma ruwa, yana ɗiga fari tas. Daga baya da ya samu, ya gina rumfa a bakin rafi, ya daina ɗora tukunyar kai tsaye a kan wuta. Sai ya sa ta cikin wata tukunyar ruwa don kada dusar ta kama. Na ce mata haka Umma ke turara dambu. Ta yi ta tafa hannu, ta ce ashe Umma ma ta san aiki.

Inda muryarta ke sauka ƙasa shi ne wajen yanka, wato raba abin da ke ɗigowa kashi uku. Abin da ya fara ɗigowa sunansa kai, guba ne, yana iya makantar da mutum, zubarwa ake yi. Na tsakiya shi ne zuciya. Na ƙarshe wutsiya, mai maiƙo da ɗoyi. Duk sana'ar a nan take: ka san lokacin da kai ya ƙare zuciya ta fara, ka janye tulu ka sa wani. "Ba agogo, ba ma'auni," in ji ta, tana buga hancinta da yatsa. "Wannan kawai. Babana ya koya wa yayyena maza, ni aikina ɗebo itace. Amma duk gidan ba mai hancina. Idan sun rikice, a ɓoye suke aikowa a kira ni."

Nona muguwa ce wajen ja wa mutum rai. Kullum sai labari ya kai inda ya fi daɗi ta kalli ƙofa ta ce Umma na kira, alhali ba wanda ya kira. A haka muka iso zamanin yaƙi, lokacin da sojoji ke bi gida gida suna ƙwace duk wani abu na jan ƙarfe. Babanta ya haƙa rami a garken awaki, ya binne tukunyar da kakan ya fara da ita, aka watsa kashin awaki a kai. Sojoji suka shigo. Babbansu ya tsaya daidai bakin garken, ya ɗaga hanci yana shinshina iska, ya juyo ya kalli Nona, tana yarinya kamar ni, ya yafito ta.

"Sai me?" na ce.

"Gobe," in ji ta. "Amma yau zo in gwada hancinki."

Ta ciro wata 'yar kwalba daga bayan kwanuka. A gidansu, ta ce, mai sana'a ba ya gwaji da baki. Ɗigo ɗaya ake sawa a bayan hannu, a murza, a jira zafin ya tashi, sannan a shinshina. Ta yi mini haka. Da farko sai yaji kamar na asibiti, can sai ga ƙamshin zabibi da wani abu kamar ciyawa bayan ruwa. Na gaya mata. Tsohuwar nan ta kama kaina da hannu biyu, idonta ya cika. Ta ce jikokinta na cikinta ba wanda ya taɓa tsayawa ya ji, ga shi Allah ya kawo mata mai hanci daga Afirka.

Na sauko da gudu, ina alfahari, na tarar Baba ya dawo yana shirin alwala. Na miƙa masa buta. Ya riƙe hannuna ya kai hancinsa.

"Mene ne wannan, Binta?"

"Baba, Nona ce ta ɗiga mini, ba sha na yi ba, shinshinawa..."

"Innalillahi! Giya? A hannun 'yata?" Ya juya ga Umma. "Kina zaune mai gidan nan tana koya wa yarinya shaye-shaye? Haka zan mayar da ita Kano?"

Umma ta ce, "Malam, ka bari ta gama magana mana."

Bai bari ba. Aka wanke mini hannu da sabulu har fata ta yi ja, ya ce idan ƙafata ta sake taka matakalar nan sai na gane kurena. Ya hau sama, na jiyo shi da Turancinsa na ofis, a tsanake, ba zagi ba tsawa, yana gaya mata kada ta ƙara kiran 'yarsa. Na jiyo ta tana ta bayani, kalmomi na tsere mata. Ya sauko kafin ta kai ƙarshe.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban taɓa kai giya bakina ba, kuma ban ce Baba ya yi laifi da ya tsorata ba. Baƙo ne a ƙasar mutane, da 'ya mace, kullum yana ganin mashaya suna tangaɗi a bakin titi. Abin da ke ci mini rai shi ne da ya zauna ko na shan shayi ne, da an wuce wurin. Da sai ya ce mata addininmu ya hana ko taɓawa, ta ce ba ta sani ba, ta mayar da kwalbarta bayan kwanuka, labari ya ci gaba. Shi ya ɗauka maƙarƙashiya ce, ita ta ɗauka ƙyamarta yake yi. Manya biyu masu hankali, matakala ɗaya tsakaninsu, suka kafe. Sauran zamanmu a gidan gaisuwa kawai ke haɗa su. Da yamma ina jin ƙarar kujerarta a saman kaina, na san gas na ci, ba kowa a kan dardumar. Ni kuma ga soja tsaye a bakin garke, ya ƙi gaba ya ƙi baya.

Ranar da za mu koma gida, mota ta zo, an gama loda akwatuna, sai ga ta ta fito da silifas cikin yayyafi. Ta zuro hannu ta taga ta kama nawa. Ba ta kalli Baba ba. Ta fara magana da sauri da sauri, tana nuna ƙasa, tana nuna hanci, tana kwaikwayon tafiyar soja, ta yi dariya, sannan ta fashe da kuka. Ƙarshen labarin take ba ni. Amma tsabar ruɗewa, Turancin ya gudu ya bar ta, da harshen garinsu ta ba ni shi tun daga farko har ƙarshe. Na ji kowace kalma, ban gane ko ɗaya ba. Direba ya ja mota.

Da na girma na dawo Landan da aure, na je gidan. Wasu ne a ciki, ba su ma taɓa jin sunanta ba. Sunan gidan su Nona na asali ban sani ba, balle ƙauyen. Wa ke tambayar kaka sunan ubanta yana ɗan shekara tara?

Na daɗe ina zaton darasin labarin a wajen tukunya yake: haƙuri, wuta kaɗan kaɗan. Yanzu na san abin da ya zauna mini ba shi ba ne. Abin da ya zauna shi ne duk yaron da ya fara yi mini bayani, ko na tabbata ƙarya zai shara, sai na bari ya dire.

Baba ya tsufa sosai kafin in iya tayar masa da zancen. Na ba shi labarin duka, da amalanke da garke da ɗigon nan. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ikon Allah. To ai da kin gaya mini ba sha kika yi ba."

Na ce, "Na gaya maka, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ɗan matso, ya ce, "To sojan, ya gano tukunyar?"