Filin Alhaji Mumuni a Kan Ramin Kwal

Alhaji Mumuni ɗan zangon Kumasi ne, direban tasi a Tremont, wata unguwa a Amurka. A 2014 wani fasinja ya yi masa hanyar fili a jihar Pennsylvania, tsohon ramin haƙar kwal da aka cike aka shuka ciyawa a kai. Ya saya bai shawarci kowa ba. Kafin Juma'a ta zagayo ya gama raba wa 'yan masallaci ɗakuna a gidan da ko bulo ɗaya ba a aza ba, har ya ware wa liman na ƙasa saboda ciwon gwiwa.

A ofishin jiha wata jami'a ta shaida masa cewa don kiwo aka gyara filin. In gini yake so, sai ya nemi izini, a auna ko ƙasar za ta lotsa, a gwada ruwan.

Ya ce, "Mu a garinmu sarki ake kai wa goro, gobe a fara gini. Ina sarkinku?"

Ta ce ba su da shi.

Ya koma gida yana ta faɗa. Matarsa Adjara ta ce, "Alhaji, tunda ciyawa ka saya, nemo masu cinta."

Ya yi kwanaki yana fushi, sannan ya zuba raguna, wani manomi maƙwabci yana duba masa su. Da Babbar Sallah ta zo, duk masallacin wurinsa suka sayi na layya. Na gidansa kuwa a kujerar bayan tasi ya ɗauko shi, ya daɗe yana ce wa fasinjoji warin daga titi yake shigowa.