Phulmaya Ta Isa Tafki

Maƙwabciyata Phulmaya mai shayi ta tsufa da alkawari ɗaya: wanka a tafkin Gosaikunda mai tsarki, can ƙolin dutse. Duk shekarar da ta hau, ciwon kai da amai na ƙarancin iskar can sama ke sauko da ita, duk da romon tafarnuwar da take kwankwaɗa har akuyoyi na guje mata.

Bana likita ya ba ta ƙwayar da ke danne wani sinadari a ƙoda, numfashi ya ƙara zurfi. Illarta dai yawan fitsari.

Da ta dawo na ce, "Didi," wato yaya, "an ce ba dutsen da ba ki tsuguna bayansa ba."

Ta ce, "Na tsuguna, ƙanena, amma na shiga ruwan. Kai ko tsani ba ka iya hawa."