Shi Ya Ɗauki Bashin Babanmu, Ni Na Biya

Lokacin da Babanmu ya rasu ina da shekara talatin da ɗaya, ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Dutse, muna haya a unguwar Takur ni da maigidana da 'ya'yanmu biyu, ciki da falo. Mu huɗu Inna ta haifa: Yayanmu namiji, sai ni, sai ƙanwata da ke aure a Jahun, sai autanmu da yake makaranta a lokacin. Ni kaɗai ce mai albashi a cikinmu, don haka duk abin da ya ɓaci a gidanmu na Aujara ni ake kira, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin hakan. Ina son a ce wance ce ta yi. Edita, ba zan ambaci sunan kowa ba, ba don sun cancanci in rufa musu asiri ba, sai don Inna tana raye, kuma akwai masu karanta mata abu idan sun gani.

Baba manomi ne, gero da dawa da ɗan riɗi, kuma shekarunsa biyu na ƙarshe a jinya ya yi su. Ya bar bashi wuri uku: na mai taki, na wani abokinsa da ya ranta masa kuɗin asibiti, sai babbar gonarmu da ya jinginar wa wani Alhaji. Kun san yadda ake yi. Kafin a sallaci gawa a ƙofar gida liman yakan juyo ya tambaya ko akwai mai bin mamaci bashi, kuma wa zai ɗauka. Muna cikin gida mu mata muka jiyo muryar Yaya ta tashi sama da ta kowa, yana cewa duk mai bin Baba ko sisi ne ya dawo kansa, shi ya ɗauka duniya da lahira. Aka yi ta kabbara, ana sa masa albarka. Har ni na yi kuka na ce Allah Ya ba Baba magaji. Kwana bakwai na zaman makoki babu wanda ya shigo gaisuwa bai yabi Yaya ba.

Aka yi arba'in, aka wuce, ko kwabo bai fita daga aljihunsa ba. Yau ya ce sai an girbe, gobe ya ce kasuwa ta faɗi, jibi ya ce matarsa ta kusa haihuwa. Mai taki ya fara aike, tun yana aiko da gaisuwa har ya koma aiko da magana. Wata Asabar na je gida na tarar da Inna tana cikin takaba ta rame kamar ba ita ba, ta ce min abinci ba ya wuce mata idan ta tuna Malam, wato Baba, yana kwance da nauyin mutane a kansa. Nan take na ce ni zan biya. Sai ta roƙe ni abu ɗaya: kada in je wurin masu bashin da kaina, in riƙa kawo mata kuɗin, ita ta ba Yaya ya kai. Ta ce shi ya yi magana a gaban jama'a, idan aka ga mace ƙanwarsa ce ke yawo da kuɗi ƙofa-ƙofa, an gama da mutuncinsa a garin. Na ce to. Wannan "to" ɗin ita ce babbar wautar da na taɓa tafkawa a rayuwata.

Bayan bashin akwai ɗakin Inna. Ginin ƙasa ne tun na aurenta, azarar ta sha gara, bangon gabas ya tsage har kana hango hasken waje. Da damina kwanuka take jerawa a tsakar ɗaki, ta naɗe katifarta ta jingine a lungu guda da ba ya yoyo. Na yi wa kaina alkawarin sai na rushe shi na yi mata na bulo, da kwano da silin da banɗaki a ciki, saboda ƙafarta da ke ciwo. Sai na raba albashina gida uku. Kashi ɗaya na bashi, in kai Aujara ƙarshen wata a hannu. Kashi ɗaya adashin wurin aikinmu, don ginin. Ragowar mu lallaɓa da shi da abin da maigidana ke samu, shi kuwa malamin firamare ne. Shekara huɗu ban ɗinka sabuwar atamfa da salla ba. Nama ya zama na ranar Juma'a. Filin da muka fara biya a bayan gari muka sake shi, 'yan kunnena na zinare na aure na sayar. Abokan aikina har tsokanata suke yi wai jakata ta kai shekarun ritaya.

Maigidana, Allah Ya saka masa, tun a watan farko ya ce min in riƙa tura kuɗin ta banki, ko in sa Yaya ya sa hannu a takarda, ko kuma in kira mutum biyu su gani. Wallahi ranar sai da na yi masa rashin kunya. Na ce masa mu a gidanmu ba a haka, uwa ɗaya uba ɗaya muke, wace irin takarda zan miƙa wa wanda ya goya ni ina ƙarama? Na ce ko don shi 'yan'uwansa ba sa ga-maciji ne yake son ya koya min? Bai sake tayar da maganar ba. Har yau idan na tuna kalaman da na gaya masa sai in ji kamar in nutse.

In faɗi gaskiya, Yaya bai ci kuɗin ba. Duk abin da na kawo ya kai. Yakan sa babbar riga ya je ya zauna a zauren mai bashi, a gaisa, ya ƙirga ya miƙa, a yi masa addu'a. A shekara ta biyu da na kwashi adashi na so in fara ginin, sai Alhajin da ke riƙe da gonar ya aiko cewa ko a fanshe ta ko ya saye. Na kwana biyu ina juya abin, daga ƙarshe na zuba kwasar gaba ɗaya na fanso gonar, Inna ta sake yin damina biyu da kwanukanta. Gonar da ta dawo Yaya ne ya ci gaba da nomawa, ban taɓa tambayarsa ko tiya ɗaya ba. Da bashi ya ƙare na sake kwasa, na haɗa da abin da na tara, aka fara aiki. Ni ina wurin aiki a Dutse, don haka shi ke sayen siminti da kwano, shi ke tsayawa kan magina, shi ke sallamarsu da yamma. Ranar da Inna ta tare na shimfiɗa mata sabuwar leda, ta zauna a bakin gado tana shafa bango tana murmushi, ta ce ashe za ta ga wannan kafin ta mutu. Wata tara kacal ta yi a ɗakin.

Wata rana Yaya ya kira ni ya ce ya kamata a raba gado, barinsa haka ba kyau a addini. Ka ji fa, addini! Daga baya na ji mota yake son saye ya riƙa jigilar fasinja tsakanin Jahun da Dutse. Ban damu ba, na ɗauka gona za a raba a bar wa Inna gidanta. Aka sa rana, aka zauna a zaure: malamai biyu masu rabon gado, mai unguwa, ƙanin Babanmu, da mu magada, Inna tana daga bakin ƙofar cikin gida a lulluɓe. Babban malamin ya ce kafin a raba komai sai an fitar da bashin mamaci, ya tambaya ko akwai saura. Sai Yaya ya gyara zama ya ce babu saura, shi ya biya duka, amma ba kyauta ya yi ba, rance ya ba gida, yana so a cire masa haƙƙinsa tukuna.

Na ɗauka kunnena ne. Na ce ya maimaita, ya maimaita ko ƙifta ido bai yi ba. Kuma ya zo da shirinsa, don mai taki da abokin Baba da Alhajin gona duk suna waje a kan benci. Aka shigo da su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya shaida daga hannun Yaya ya karɓi kuɗinsa, kuma ba ƙarya suka yi ba. Mai unguwa ya ƙara da cewa ai gari duka shaida ne, a gaban makara ya ɗauki nauyin. Na miƙe tsaye na ce kuɗina ne, guminna ne, ginin ma ni na yi. Ƙanin Baba ya daka min tsawa wai in zauna, mace ba ta ɗaga murya a gaban malamai. Yaya ya ce a hankali, kamar mai lallashin mara lafiya, ai ba a musu nakan kawo wa Inna ɗan abin cefane, amma gini da amfanin gona aka yi shi, don haka na gida ne. Ya zaro rasiɗan siminti daga aljihu, duk da sunansa. Ƙanwata da autanmu suka ce su dai sun san ina taimakawa, amma ba su taɓa ganin nawa ba ne. Malamin bai zalunce ni ba. Ya tambaye ni ko ina da takarda, na ce babu. Ko ina da shaida, na ce ga ta nan zaune, ta hannunta kowace naira ta bi.

Duk aka juya ana kallon Inna. Malamin ya tambaye ta cikin girmamawa, sau biyu. Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ita tsohuwa ce, ba ta riƙe lissafi, duk 'ya'yanta ne. Shi ke nan abin da ta ce. Matar da ta riƙa karɓar kuɗi daga hannuna wata arba'in da wani abu tana ƙullewa a bakin zani! Na sani ɗan fari ne, na sani ba ta iya ko faɗin sunansa, balle ta ƙaryata shi a gaban maza. Na san duk wannan. Amma ni ma ita ta haife ni.

Sauran ya zo da sauri. Aka kira dillalai suka yi wa gida da gona kuɗi. A nan ne na gane na yanka kaina da hannuna, don da ɗakin ƙasar nan ne a wurin, gidan ba zai yi wani kuɗi ba, da rabona da tumunin Inna na gadon miji da ɗan rance sun isa mu saye shi. Ginin da na yi ne ya ɗaga shi ya fi ƙarfina. Aka ba Yaya gonar a madadin bashin da wai ya biya, gidan kuma aka ce ba ya rabuwa sai an sayar. Ba ni da ja da rabon da Allah Ya yi, namiji biyu mace ɗaya, ban taɓa ƙorafi a kansa ba. Abin da ke ƙona min rai shi ne an raba abin da ba na Baba ba ne. Maigidana ya ce mu tafi kotu a sa shi ya rantse da Alƙur'ani. Da Inna ta ji, ta kira ni ta ce idan na tsayar da ɗanta a gaban alƙali ba ta yafe min nonon da na sha ba. Na haƙura, ba don zuciyata ta sauko ba.

Wani mai sayen riɗi ne ya sayi gidan. Yaya ya ce gidansa ya yi ƙanƙanta, matarsa ma ba ta jin daɗi, don haka ranar da aka ba da mabuɗi ni na ɗauko Inna da akwatinta da buta zuwa Takur. Yanzu a falonmu take, 'ya'yana sun koma kwana a ƙasa. Ina yi mata wanka, ina shafa mata magani a ƙafa, ina dafa mata abin da take so, kuma Allah Ya gani wani lokacin ina yi ne haƙorana a cije. Ba mu taɓa yin maganar ranar nan ba. Na yi istigfari har na gaji, fushin bai tafi ba. Yaya kuwa motarsa na kan hanya, a gari har yanzu ana ba da misali da shi, ɗan da ya sauke wa ubansa nauyi.

Abin da na koya, na koye shi da tsada. Ban yi nadamar biyan bashin Baba ba, ko yau aka dawo zan biya. Nadamata ita ce na ɗauki kunya na sa ta a inda Allah Ya ce a rubuta a kafa shaidu, ina ganin na fi kowa sanin zumunci. 'Yan'uwana, musamman mata masu ɗan albashi da gida ya rataya a wuyanku: kada ku ɗora ko bulo ɗaya a gidan da ba a raba gadonsa ba. Ku matsa a raba tukuna, ko a ce muku marasa kunya. Idan za ku biya bashin mamaci, ku je da ƙafarku, ku miƙa da hannunku, a gaban mutum biyu da ba 'yan gidanku ba. Kuma kada ku sa uwa ta zama ita kaɗai ce shaidarku a kan ɗanta, ba za ta iya ba, kuma ku za ku zauna da ita bayan nan. Satin da ya wuce wata maƙwabciyarmu ta Aujara ta zo dubiya, Inna ta tambaye ta ko sababbin masu gidan suna kula da ɗakinta. Matar ta ce ai babu mai kwana a ciki, buhunan riɗi aka cika shi da su har silin, don shi kaɗai ne ɗakin da ba ya yoyo.